Ciyawar shuka don shanun nama a jahar Maraɗi: da wane bincike za a fara?

Sani Tibiri ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai da iyayena na wannan zaure. Tambayata a kan ciyawar shuka ce, wadda ake shukawa da gangan saboda shanun nama, ba wadda ke fitowa da kanta a daji ba. Kwanakin nan kowa ya buɗe waya sai hotunan makiyayar Barazil, ciyawa har gwiwa, bijimai kamar za su fashe, ana ta cewa mu ma a kawo irin waɗannan baƙin ciyayi, brakiyariya da maralfalfa. To a ce ga fili hekta 2 ko 3 a kudancin jaha, wajen Madarumfa ko Gidan Rumji, ruwan sama kaɗai babu ban-ruwa, kuɗin bincike kaɗan ne, lokaci kuma damana 3. Da me za a fara? Gwajin iri, ko taki, ko yanka da ajiya? Ina roƙon waɗanda suka san abin su faɗi wanda ya fi gaggawa, tare da dalili. Allah ya saka da alheri.

Malam Isufu ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin maganar iri, ɗauko alƙalami. Bijimi mai kilo 250 yana cin busasshen abinci kilo 6 da kwata a yini. Daga ɗaukewar ruwa a ƙarshen Satumba zuwa ranar da sabuwar ciyawa ta isa ci wata 9 ne, kwana 270, ka ga kusan tan 1.7 ke nan ga kai guda. Da wannan lissafi ma'aikatar kiwo ke auna giɓin ciyawa kowace shekara. In turka ce ta kwana 100, kilo 650 zuwa 700. Yanzu a ce hekta ta ba ka tan 3 busasshe. Cire kashi ɗaya cikin uku, wanda zai zube wurin yanka, da rabon gara, da wanda sa zai tattake ya bari. Saura tan 2, abincin bijimi 3 na turka ɗaya. Duk gwajin da za ka yi, wannan adadi ne kake neman ɗagawa.

Brakiyariya ka ajiye ta gefe. Marandu, irinta da ya cika Barazil tun da aka fitar da shi a 1984, ɗan Afirka ne asalinsa, amma yana son ruwa milimita 1,000 ko kusa da haka, ranin da yake jurewa kuma bai wuce wata 5 ko 6 ba. Mu a kudancin jaha tsakanin 450 da 600 muke, Dakwaro ma ba ta kai haka ba. Abin da zai ba ka dariya, gambar nan da muke yi wa kallon kayan zana, daga Shika kusa da Zariya aka ɗauki irinta, aka gwada shi a Kolambiya, a 1980 aka raba wa makiyayan can da na Barazil. Abin na bakin gonarmu ne.

A ganina bincike na farko shi ne iri da kamun shuka. A nan yawancin filayen gwaji ke mutuwa tun ba su yi wata guda ba, sai a ce ciyawar ba ta son ƙasarmu, alhali irin ne fanko. Irin gamba gashi ya fi ƙwaya yawa. Cikin abin da ake zagowa a Oktoba da Nuwamba, da yawa kwanso ne babu kome ciki. Mai ƙwayar kuma ba ya tsira da kyau sai ya yi wata 5 ko 6 a ajiye, in ya zarce shekara cikin zafin ɗakunanmu ƙarfinsa ya fara tafiya. Gwajin ba ya buƙatar ɗakin bincike. Ƙirga ƙwaya 100 sau 4, kowane ɗari a tasarsa mai jiƙaƙƙen rairayi, a inuwa, ana yayyafa ruwa safe da marece. A ƙirga waɗanda suka tsira ran 7, ran 14 da ran 21. In 10 ne suka fito cikin 100, kilo 5 ba zai rufe hekta ba, sai ka ninka ko ka sake iri. A yi haka ga iri na wurare daban-daban, Baban Rafi, Gabi, Agye, Tasawa, domin gamba ba ɗaya ba ce. Akwai mai yawan ganye, akwai mai tashi kara zalla, wadda masu saƙar zana ke so, sa kuwa ba ya so.

Daga nan a kwatanta shuka iri da dashen tsagi. Iri a layi ake zuba shi, zurfi kar ya wuce santimita 1 zuwa 2, a cakuɗa shi da rairayi mai ɗan danshi don kar iska ta kwashe, a bi a taka da ƙafa. Maƙiyansa biyu ne: tururuwa da ke jide shi kafin ya tsira, da iskar gaban hadari ta farkon damana da ke binne tsiro ko ta ƙone shi da rairayi. Saboda haka kar a bi sahun shukar hatsi ta ruwan fari, a jira Yuli ruwa ya zauna. Tsagi kuwa, a tono tsohon gindi, a raba shi kowane da tsiro 3 ko 4 da saiwarsu, a datse ganyen ya rage santimita 20, a dasa ranar da ƙasa ta sha ruwa, mita guda tsakani, rami 10,000 a hekta. Ya fi kamawa nesa ba kusa ba, sai dai yana cin hannu da amalanke. Ka rubuta kwanakin aiki na kowace hanya, don Yuli lokacin noman hatsi ne, ba wanda zai bar hatsinsa cikin ciyawa ya je dashen wata ciyawar. Shekarar farko noma biyu, kuma ko akuya kar ta shiga.

Na biyu fosfor. Binciken da masanan Mali da na Holan suka yi a yankin Niono a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa a Sahel, in ka cire can arewa inda ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai, ƙarancin azot da fosfor, abincin da shuka ke sha daga ƙasa, shi ne ke tauye ciyawa fiye da ƙarancin ruwa. Jigawarmu da aka shekara talatin ana nomawa ba hutu ta fi kowa wannan ciwo. Yanka fili ƙanana, mita 5 da mita 4, magani huɗu, wato hanyar taki huɗu: babu kome, supa (takin zamani mai fosfor) kilo 100 a hekta, takin gida tan 2 zuwa 3, sai haɗin biyun. Supa kilo 100 fosfor kusan kilo 8 ne, ga farar wuta a ciki wadda dangin wake ke so. Kowane magani a maimaita shi sau 4, a raba wuraren da ƙuri'a, kar kuma wani ya faɗa ƙarƙashin gawo ko tsohon masaukin shanu, in ba haka ba ƙasar ce za ka auna, ba maganin ba. In da wuri, a ƙara fosfat ɗin Tawa. Gari ne mai jinkirin narkewa, a cuɗa shi da taki mai danshi kar iska ta ɗauke, kuma kar a yanke masa hukunci a damanar farko. Ciyawa mai shekaru kamar gamba ita ce ta dace da shi.

Wani abu da ba a cika faɗi ba. Makiyayan arewacin Ostareliya sun daɗe suna kuka da shi: ciyawar shuka tana yin kyau shekarun farko, sannan ta riƙa ja baya, domin azot ya ɗaure cikin saiwa da matattun ganye. Mu da za mu yanka mu kwashe, namu ya fi muni. Tan guda na ciyawa mai furotin kashi 8 cikin 100 yana fita da azot kusan kilo 13. Tan 3 kilo 38 ke nan, daidai da takin ure buhu ɗaya da rabi da ɗoriya, kowace shekara. In kashin bijiman bai koma filin ba, damana ta uku za ka gani da idonka.

Likita Hadiza ta rubuta:

Malam ya yi maganar tan, ni zan yi maganar abin da ke cikin tan ɗin, kuma da izininku, Malam, ni shi zan sa a gaba. Shanu a Afrilu da Mayu sau da yawa cikinsu cike yake da kara amma haƙarƙari a waje. Ƙananan halittun da ke narka abinci cikin tumbi suna buƙatar furotin kashi 7 cikin 100 ko sama. In ya gaza haka narkewa ta yi jinkiri, abincin ya daɗe a ciki, sa ya rage ci. Busasshiyar ciyawar daji da karan hatsi a tsakiyar rani kashi 3 zuwa 4 ne. Gambar da aka bari ta fidda kai ta bushe a tsaye ita ma nan take komawa. Ka shuka ta da wahala, ka tara tan 3, ƙarshenta ka samu kara mai tsada.

Sani, duba wannan. Abincin yini: gamba kilo 4, harawar wake kilo 2, dusar alkama kilo 1. In gambar ta bushe a tsaye, kashi 4, giram 160 ke nan. Harawa mai ganye a ce kashi 14, giram 280. Dusa kashi 15, giram 150. Jimla giram 590 cikin kilo 7, kashi 8 da ɗan abu. Ya isa riƙe rai, bai isa ƙiba ba, don bijimin turka yana son 11 zuwa 12. Yanzu a yanke gambar nan tana ɗanya kafin ta yi ciki, a ce kashi 8: giram 320, jimla 750, kusan kashi 11. Ba ka sayi kome ba, ranar yanka kaɗai ka sake, ka samu abin da ya fi ƙarin kilo guda na harawa kowace rana.

Don haka gwajin lokacin yanka ba ya jira. Kashi ɗaya a yanka sau guda a ƙarshen Oktoba kamar yadda aka saba, na biyu tsakiyar Agusta da ƙarshen Satumba, na uku duk sati 6. A bar kututture santimita 15 zuwa 20. Kowane yanka a auna shi ɗanye, a ɗebi giram 500 a jakar ƙyalle, a shanya har nauyi ya daina raguwa, a sake aunawa, a kai samfuri a duba furotin, ko a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ko ta hannun INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, reshenta na Tarna. Yuni mai zuwa a ƙirga gindi nawa suka sake tsirowa, domin yankan ƙarshe in ya yi ƙasa da yawa ko ya yi latti, gindin ba ya samun abin da zai ci rani da shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne shanya ciyawa a Agusta, ruwa na sauka duk kwana biyu. In aka bar ta ƙasa ta yi baƙi, ta yi fumfuna. Wannan kaɗai ya isa bincike: shanya a kan itace uku da aka haɗa kansu kamar bukka, ko ƙarƙashin rumfa mai shan iska, ko a binne ta ɗanya. Binnewa, a bar ta ta sha rana rabin yini, a datsa santimita 3 zuwa 5, a zuba a rami mai shimfiɗar leda ana barbaɗa dusa, a tattake kowane hawa sosai, a rufe ba ƙofar iska, sai bayan sati 6. Mai kyau ƙamshin tsami take yi. In ta yi warin ruɓa ko ta yi yauƙi, iska ko ruwa ya shiga, a zubar.

Kuma ni ban yarda a ware dangin wake daga wannan bincike ba. Wake mai ba da ƙwaya da harawa, irin TN5-78 na INRAN, shi ne ciyawar shuka da manomin Maraɗi ya riga ya karɓa, ba sai an lallashe shi ba. Asararsa a wurin girbi take. In aka jira duk ƴaƴa suka bushe, ganye ya zube, igiya ce za a naɗe, furotin kuwa a ganye yake. A gwada naɗewa bayan tsinkar farko ganye na kore, a shanya a inuwa, a kwatanta ajiyar kan rumfa cikin rana da ta ɗaki daga Nuwamba zuwa Mayu. Ƴaƴan gawo ma su shiga lissafi, suna zuba daidai lokacin da ake nemansu, sai dai a daka su, don ƙwayar mai tauri takan fita a kashi yadda ta shiga.

Gargaɗi biyu. Gyauron dawa da ƙaramar dawar da fari ya kama tana ƙasa da gwiwa suna kashe sa cikin ɗan lokaci, kar a yanko su ɗanyu a zuba a komi. Karan da ake jiƙawa da ure don ciyar da shanu kuma, ure kilo 5 cikin ruwa lita 50 ga kara kilo 100, a rufe sati 3, a buɗe ya sha iska yini guda, a fara ba su kaɗan-kaɗan. Ba a ba maraƙin da bai fara tuƙa ba, ba a ba jaki da doki. In aka ga dalala, rawar jiki da kumburin ciki, a ɗura binegar lita 2 zuwa 4 da ruwan sanyi, a kira likitan bisashe nan take.

Alhaji Mamman ya rubuta:

Malamai sun yi magana, Allah ya ƙara sani. Ɗana Sani, ni tambaya ɗaya zan ƙara maka: filin na wa ne, kuma wa zai tsare shi?

Bayan an kwashe amfanin gona hukuma ta sa ranar sakin gonaki, bisashe ko'ina suke shiga, kuma haƙƙinsu ne. Gamba ta fi sauran ciyawa daɗewa da kore, ita ce kuma ke fara tohowa kafin ruwa ya zauna, duk dabbar da ke karkarar wurinta za ta nufa. In aka cinye tohon nan na farko har ƙasa shekara biyu a jere, gindin ya mutu. Shinge kuwa lissafi gare shi. Hekta guda mai kusurwa huɗu daidai waya mita 400 take ci, hekta 4 a haɗe mita 800. Mutum huɗu in sun haɗa filinsu kowa rabin kuɗi zai biya. Shingen rai na aguwa, magarya ko bagaruwa ya fi arha, amma sai ya shekara 3 kafin ya rufe, kafin nan da ƙaya za a tare. Wannan ma a rubuta shi cikin kuɗin gwaji, kar a ɓoye shi don an samu waya kyauta daga mai ba da tallafi. Manomi ba zai samu kyauta ba.

In gonar gado ce ko ta saye, a je COFO, kwamitin kula da filaye, a yi takarda tun ba a dasa kome ba, musamman in aro ne, don mai gona yana ganin an dasa abin da ke shekaru zai ce ana son cinye masa fili. In kuwa makiyaya ce ta jama'a ko burtali, dokar kiwo ta 2010 ta hana mutum ɗaya ya killace ta ya mai da ita tasa. Can aikin na gayya ne, da sarakuna da ardo-ardo da kwamitin gari, kuma matsalar can daban ce: garmani, wanda wasu ke ce wa hatsin Makka. Ya cinye burtali da makiyaya da yawa a jahar nan, shanu ba su damu da shi ba, su cinye ciyawar kirki kafin ta zubar da iri, shi ya zuba nasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tuge shi a Agusta kafin ya yi ƴaƴa yana taimako, amma shekara ɗaya ba ta isa, akwai iri kwance cikin ƙasa. Dole a bi da watsa kyasuwa, komayya da gadagi, a hana kiwo damana 2. A fako a haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata, 313 a hekta, a shuka cikinsu. Abin da mai bincike zai amsa: shekara nawa za a yi ana tugewa, wace ciyawa ce ke rufe shi da inuwa, kuma bayan an buɗe, kai nawa filin zai ɗauka ba tare da ya koma gidan jiya ba.

Sai kasuwa. Gonaki a kudancin jaha sun ƙanƙance, mai gida da ke da hekta 2 da bakuna goma ba zai ba ciyawa rabi ba. Gamba a kan iyaka, ko layi-layi duk mita 10 zuwa 15 tana tare iska, wannan zai yarda. Amma in damin gamba na zana ya fi kawo kuɗi a kan wadda aka yanke ɗanya, zai bar ta ta bushe, kome Likita ta faɗa. A bi farashin damin harawa, na gamba, na kara da buhun dusa wata-wata a kasuwa biyu ko uku, a ce Maraɗi, Cadawa da Sabon Mashi, tare da farashin bijimai a kara, wato kasuwar shanu. Harawa tsakanin kaka da bazara takan yi tashin da wani lokaci sayar da ita ya fi ba sa riba. Kuma shanunmu da yawa ta Ɗan Isa suke bi zuwa Jibiya, in naira ta faɗi a gaban sefa, ribar turka ta tafi ko da ciyawar ta yi kyau.

Sani Tibiri ya rubuta:

Na gode Malam, na gode Likita, Baba Alhaji Allah ya ƙara girma. Saura biyu. Na ji ana yabon sitailo da dolik, dangin wake na kiwo, cewa su ne maganin ja-bayan da Malam ya ambata. Za su yi a nan? Sannan gwajin kan bijimai kansu, guda nawa ake buƙata kafin a yarda da sakamako?

Malam Isufu ya rubuta:

Sitailo, irin da ake kira Verano, shi aka yi amfani da shi a shekarun 1980 a kudancin Kaduna, inda aka killace wa Fulani mazauna fili kusan hekta 4 don shanu su riƙa shiga ƴan awoyi da rani. Can ruwa ya ninka namu. A nan bakin iyakarsa ne, sai wajen Gabi da Ɗan Isa ko gefen fadama, kuma kamar mai shekara ɗaya zai zauna, ya zubar da iri ya mutu, ya dawo daga irin. Ƙwayar tauri gare ta, sai an goge ta da rairayi a turmi a hankali kafin shuka, kilo 10 a hekta, kuma ba ya yi sai da supa. Darasin can guda biyu ne: ciwon ɗigon baƙi a ganye da kara ya hallaka wani ɗan'uwansa da aka fara kawowa, sannan inda ba a kula ba ciyawa ta taso ta danne shi. Ka sa shi a ƙaramin fili, ka ƙirga tsiro nawa ke dawowa a mita guda damana ta biyu da ta uku. Gadagi namu ka sa kusa da shi a kwatanta, ba na jin zai ji kunya.

Dolik ya fi wake daɗewa da kore bayan ruwa ya ɗauke, wannan ne amfaninsa. Iri kilo 15 zuwa 20 a hekta, a geza ko gefen gulbi ya fi jigawa. Kula da wane iri aka ba ka. Rongai yana jinkirin fure, danshi kan ƙare bai yi ƴaƴa ba, kowace shekara sai ka sake saye. Highworth ya fi shi saurin fure, shi zan fara gwadawa.

In kana son baƙuwar ciyawa ɗaya cikin gwajin, ɗauki bafal, ƴar'uwar ƙarangiya ce marar ƙaya, tana jure ruwa ƙasa da 500. Tana son fosfor, sabon irinta kuma ba ya tsira sai ya yi wata 6 zuwa shekara. Masu doki su yi hankali, in ita kaɗai yake ci tana lalata masa ƙashi. Maralfalfa kuwa dangin ciyawar giwa ce, ta masu rijiya da injin ban-ruwa ce a Jiratawa da gulbi, da taki mai yawa bayan kowane yanka. A can tambayar ita ce ko ruwa da man da ta sha sun fi riba a kanta ko a kan tumatir da zogale. Kuma duk abin da za a shigo da shi a tsare shi cikin fili tukuna. Gambarmu da aka kai arewacin Ostareliya ta ƙwace ta shiga daji, tana haddasa gobara mai cin itatuwa, yau hukumar can yaƙi take da ita.

Likita Hadiza ta rubuta:

Bijimi 6 a kowane rukuni shi ne mafi ƙaranci, ƙasa da haka ɗaya ya yi zawo sati guda ya rushe maka lissafi. In kuɗi bai kai ba, gara rukuni 2 masu shida-shida da rukuni 4 masu uku-uku. Rukuni ɗaya dole ya zama abincin da masu turka ke bayarwa yau, kara da harawa da dusa, shi ne abin kwatanci. Kuma gwajin nan na damana ta biyu ne zuwa gaba, ta farko ba za ka samu ciyawar da ta isa ba. Bijimi 6 na kwana 100 suna son kusan tan 2 da rabi in kilo 4 kowanne ke ci.

A sayo su kusan sa'annin juna, a buɗe baki a duba, masu haƙoran girma 2 zuwa 4. Kar a tara azawak a wannan rukuni, bororo a wancan, a jera su bisa nauyi a raba da ƙuri'a yadda kowane rukuni zai samu manya da ƙanana. Ranar shigowa maganin tsutsar ciki da na kaska, allurar ciwon huhu da ta harbin daji in ba a yi ba, gishiri da kanwa a gaban kowa, ruwa sau 2 a yini, da bazara lita 30 zuwa 40.

Sati 2 na farko ba ya shiga lissafi. Ramammen sa in ya samu abinci, nauyin da yake ƙarawa da farko cikar tumbi ce da ruwa, ba nama ba, nan ne mutane ke samun adadin da ke burge su. Daga ran 15 a fara awo, duk sati 2, da sassafe kafin ci da sha. In babu sikeli, mitar tela a zagaya ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba da bayan tozo, sa na tsaye sosai, mutum ɗaya ke awon daga farko har ƙarshe. Santimita 2 na kuskure kilo da yawa ne, don haka ko sau biyu ne a nemi sikeli, farko da ƙarshe, a daidaita mitar da shi.

Kowane bijimi da turkensa da kominsa. A auna abin da aka zuba, washegari a auna ragowa kafin a zuba sabo, a duba ko kara ne ya bari ko ganye. Gambar da aka datsa da wadda aka zuba doguwa ba ragowa ɗaya suke bari ba, a tsai da hanya ɗaya. Ciyawar da ka noma da kanka ka sa mata farashin da za ta yi a kasuwa a watan da aka ci ta, ka raba kuɗin abincin kowane rukuni da kilon da ya ƙaru. Ranar sayarwa kuma a kira dillali biyu ko uku su yi wa kowane sa kuɗi ba tare da an gaya musu abin da ya ci ba, don a kara ido da tafin hannu ke saye, ba sikeli ba.